Kawu Bubayaro da Darbejiyar Tsakar Gida

Kawu Bubayaro ƙanin mahaifiyata ne. A ruga aka haife shi, can wajen Gadaka, kuma tun yana yaro aka san shi da gudu. Idan maraƙi ya tsinke, shi ake ƙwala wa kira. Da shanun gidansu suka ƙare sai ya dawo Potiskum, ya kama ɗan shago kusa da kasuwar shanu yana sayar da maganin dabbobi, ya auri Inna Gumsu, suka zauna a unguwar Yindiski. Shanu sun tafi, gudun bai bar ƙafarsa ba. Kullum da an sallame asuba sai ya ɗaura wani kambas ɗan gwanjo ya fita tun titi babu kowa.

Burinsa ɗaya ne, kuma kowa a gidan ya san shi: gudun fanfalakin nan da ake yi a Kudu duk shekara, wanda yake kallo a waya. Bai taɓa cewa zai ci ba. So yake kawai ya tsaya a layi da lamba a ƙirjinsa kafin ƙafa ta ƙi. A lokacin furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Na zauna a gidansu bayan na gama jami'a, ina jiran aiki. Inna Gumsu Babarbariya ce, mai son gashin kek. Ba ta da oba. Yashi take zubawa a babbar tukunya, ta ɗora a gawayi, ta jera gwangwanayen madara cike da kwaɓin fulawa, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Ba ta cika sayarwa ba, sai dai idan ana suna a maƙwabta ta aika. Da la'asar, idan ta ɗora tukunya, Kawu kan jawo tabarma gindin darbejiya ya buɗe ɗaya daga cikin littattafansa na yaƙi da aljanu, waɗanda bangonsu ya tsufa har ya yi laushi, ya riƙa karanta mata. Wurin sara da suka yakan yi sauri ya wuce. Amma idan sarki ya tashi manzo ya kai saƙo bayan duwatsu, nan yake rage murya, har da ƙarin da babu shi a takarda.

"Kai Fulani," in ji ta, "ka tsallake inda aka sare kan aljani, ka tsaya kana ba ni labarin ɗan aike?"

"In babu ɗan aiken, wa zai gaya wa jarumin ana nemansa? Ke dai kula da yashinki. Barebari ne kawai za su dafa ƙasa su ce abinci ne."

"Ka ci guda huɗu jiya, bawana."

"Taimaka miki na yi, kada ki ji kunya."

Wata safiya ya makara. Gawayi ya ƙare, ga alkawarin kek na suna, sai da ya je ya buga wa mai gawayi ƙofa ya kawo mata buhu, sannan ya fita. Ya dawo ta bakin babban titi lokacin da yara ke tafiya makaranta, masu ƙosai sun hura wuta. Al'adarsa ce idan ya hango kwanar unguwa ya saki ƙafa gaba ɗaya, wai haka ake ƙarasa tsere. Yana cikin wannan sai tayar wata tirela ta fashe.

Wanda bai zauna a garinmu a shekarun tashin hankali ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Mun koyi cewa idan ka ji ƙara, ka kuma ga babban mutum a guje, ba a tambaya. An daɗe da samun lafiya, amma jiki bai manta ba. Titin nan ya watse. Yara suka zubar da jakunkuna, masu keke napep suka bar kekunansu a kunne. A cikin turmutsutsun aka ture kaskon Rauda mai ƙosai, tafasasshen mai ya kwarara a ƙafarta. Kawu bai ma sani ba. Ya ji ƙarar, ya gane taya ce, ya ci gaba. Sai da ya tsaya a ƙofar gida ya waiga, ya ga mutane a bayansa suna haki, wata mata tana tambayarsa, "Ta ina suke?"

Shi ya kai Rauda asibiti. Da yamma Malam Idrisu, dattijon da ke jan mu salla a masallacin unguwa, ya yi sallama. Ina daga ɗaki ina jin su a zaure.

"Malam Buba, ba wanda ya ce ka yi laifi."

"Na sani, Baba."

"To amma ka ga yarinyar nan. Yau da safe da ƙafarta ta fito. Mutanen nan zukatansu a hannu suke. Ka yi mana alfarma, ka bar gudun nan a cikin gari."

Kawu ya ce, "Na bari."

Ya gwada wasu wuraren. Filayen makarantu duk an kewaye su da katanga tun waɗancan shekaru, kuma masu gadi ba sa buɗe wa wanda ba ɗalibi ba. Ya gwada hanyar Gadaka. Rana ta farko wasu manoma suka hango shi ya ɓullo daga kwana, suka yar da fartanya suka faɗa cikin dawa. Rana ta biyu aka tsayar da shi a shingen jami'an tsaro, aka zaunar da shi a rana ana tambayarsa wa ya koro shi. Bai sake komawa ba.

Daga nan ya koma zagaya darbejiyar tsakar gida. Gidan ba wani fili gare shi ba, kafin ya miƙe ƙafa ya iso bango. Haka yake yi kowace asuba, kai a sunkuye, yana kauce wa igiyar shanya da turmi. Da farko Inna Gumsu ta samu abin tsokana.

"Yau kuma an kai Legas, ko kana Jos tukuna?"

"Na wuce garinku tun ɗazu, ban ga kowa ba sai masu barci."

Sannu a hankali ƙafarsa ta haƙa hanya a ƙasa, zobe guda kewaye da bishiyar. Ni na fara lura yana ɗingisawa idan ya tashi daga tabarma. Juyawa gefe ɗaya kullum ta cinye masa gwiwar hagu. Ya ɗaure ta da tsumma ya ci gaba, ya juya zagayen ta ɗaya gefen, ta dama ma ta fara. Da ta kumbura har wando ya ƙi shiga, likita ya ce tafiya ma sai da lallaɓawa, maganar gudu kuwa a bar ta.

An yi tseren na bana yana zaune. Bai kalla ba, wayar ma a ɗaki ya bar ta. Rauda ta koma suyarta, tana jan ƙafa. Idan zai je shago yakan bi ta lungu don kada su haɗa ido, ko da yake ita kullum sai ta aiko a gaishe shi.

Damina ta sauka, ruwa ya kwanta a zoben nan, agwagin maƙwabta suna shigowa sha. Ranar Juma'ar da ta wuce Inna Gumsu ta ɗora tukunya, ta ɗauko littafin da kanta ta ajiye masa a cinya. Ya buɗe, ya karanta yaƙin duka, tiryan-tiryan. Da ya zo inda sarki ya kira manzo sai ya rufe.

Ta jira. Sannan ta ce, "Kai Fulani, bawana, ɗan aiken naka fa? Ko shi ma Barebari sun fi shi sauri?"

Idonsa na kan ruwan.

Ta daɗe tana kallonsa, da murfin kwano a hannunta, har ƙauri ya cika gidan. Ni na tashi na sauke tukunyar.