Dagi Mai Gina Da Kansa

A shekarar da tabkin Madarumfa ya cika har ya ci ƙasan lambunmu, a ɗakin kakata Tabawa muka yi sanyi. Bayan tuwo takan hura wutar kara, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta.

"Ku matso, 'yan nema, ga ta nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi, gobe shi zai kai awaki."

Ta fi son ba mu labarin manomin da ya ceci gafiya daga tarko. Gafiya ta ba shi dagi mai gina rami da kansa, ta ce kafin ya kafa shi ya buga ƙasa da diddige ya tambaya, "Akwai ajiya a nan?" Ya yi wa gari duka shinge a yini ɗaya. Da yabo ya yi yawa sai ya daina tambaya. Dagin ya fasa tulun irin gero da uwarsa ta binne, gara ta cinye.

"Kaka, ƙarfe na gina da kansa?"

"Kai dai ka daɗe a duniya, mijina."

Na kuwa daɗe. Bara ƙungiyarmu ta masu lambu ta ɗauko ƙaramar tarakta daga Maradi don ramukan shingen waya. A bayanta an rataya wani murɗaɗɗen ƙarfe mai tsawon mutum. Ilu direba ya taɓa wani hannu, ƙarfen ya juya, ya nutse, ƙasa na tumbatsowa kamar tafasar kunu. Kafin in gama salati rami ya kai ƙugu. Ramin da nake yi wa gumin hantsi guda!

Ilu ya matsa gaba ya ce, "Baba, nan ma? Ba komai a ƙasa?"

"Huda, ɗana, huda!"

A rami na tara laka ta fito. Tiyon da ni da kaina na binne daga rijiya ne, ya naɗe a ƙarfen kamar hanji. Da dagina ne, da hannuna ya ji taushinsa ya tsaya. Injin ba ya ji. Ilu ya tambaya, ni ne mamaki ya ɗauke wa hankali.

Har yau in na tuna ƙarfen nan yana nutsewa sai in ce Allah mai iko. Abin da ya tafi kuwa: tiyo mita goma sha biyu, kwana shida ba ban-ruwa, fangali huɗu na irin albasa.