Ƙofar da Inna Ba Ta Ƙwanƙwasa Ba

A ɗakin wankin otal ɗin, can ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta leƙowa, kowa Inna yake ce mata, har manajan da bai san ma'anar kalmar ba. Guga ce aikinta. Zannuwan gado inji ne yake bi ta kansu, amma rigunan ma'aikata da hannu take goge su, domin injin yana cinye maɓallai. Bayan hannayenta duk tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho. Ba ta makara, ba ta ƙorafi, kuma ba a taɓa dawo mata da riga a ce ta sake ba.

Ɗanta ne ya kawo ta wannan baƙuwar ƙasa bayan rasuwar mijinta, don ta riƙe masa yara. Yaran suka tasa, aiki ya ɗauke ɗan zuwa wani gari mai nisa, gidan da ya samu a can kuma babu ɗakin tsohuwa. Ya yi ta kame-kame yana neman yadda zai faɗa mata. Ta sauƙaƙa masa, ta ce ya tafi, hannunta bai mutu ba. Otal ya ɗauke ta, ya ba ta ɗaki a wani tsohon bene da yake kama wa wasu ma'aikatansa haya. Ɗakin da aikin a ɗaure suke da juna. Wanda ya rasa ɗaya ya rasa ɗayan.

Inna tana da hali guda, ba ta iya jin mutum yana nishi ta zauna. A inda ta fito ita ake tasowa in naƙuda ta kama mace, ita ake kira in tsohuwa ta cika. Da ta tare a benen, da halinta ta tare. Ta dafa abinci ta bi ƙofofi da kwano. Wasu suka karɓa suna kallonta kamar ta miƙo musu maciji, wata ta leƙo ta bayan sarƙar ƙofa ta mayar ta rufe. Rannan ta tarar da jariri yana tsala kuka a kekensa a bakin matakala, uwar ta koma ɗauko makulli. Inna ta ɗauke shi ta saɓa a kafaɗa tana jijjigawa. Uwar ta fito ta kurma ihu har mutane suka firfito.

Magana ta je gun mai kula da bene, daga nan ta kai ga manaja. Manaja bai ɗaga murya ba. Ya ce gugarta babu kamarta, amma in aka sake kawo ƙararta ko sau ɗaya, sai ta nemi wani ɗaki da wani aiki. Ya ƙara da cewa za ta shiga ajin Turancin da otal ya buɗe wa ma'aikata, kuma sai ta ci jarrabawar karatu kafin a sabunta mata aiki.

A ɗakin cin abincin ma'aikata ake ajin, bayan an tashi, kowa da warin sabulu a jikinsa. Malamar yarinya ce da ba ta kai ɗan Inna ba, mai haƙuri, mai jan biro. Kusa da Inna Dogo yake zama, mai kula da injinan wanki, wanda yarensu ɗaya da ita kuma bakinsa ba ya hutawa.

Rubutun da suka fi daɗewa a kansa yana magana ne a kan abin da ke samun baƙo a sabuwar ƙasa. Wai da fari komai yana burge shi, sai ya shiga fushi da kewar gida, sai ya fara sabawa, a ƙarshe ya zama ɗan gari.

“Inna, ke a wane mataki kike?” in ji Dogo.

“Matakin ciwon baya.”

“Babu shi a takarda.”

“To wanda ya rubuta bai taɓa guga ba.”

Kashi na biyu na rubutun ya jero ladubban zama da mutane. Kada ka tambayi mutum shekarunsa. Kada ka taɓa ɗan wani. Ka buga waya kafin ka je gidan mutum. Ƙofa in a rufe take, mai ita yana so a ƙyale shi ne, ƙyalewar kuma girmamawa ce. In maƙwabci ya bubbuga bango, hayaniyarka ce ta dame shi, sai ka rage. A ƙasa akwai tambayoyi, a zaɓi gaskiya ko ƙarya. Ɗaya ta ce maƙwabcin kirki yakan leƙo ba tare da ya sanar ba. Inna ta bi ta da yatsa, ta gane ta sarai, ta zaɓi gaskiya.

Malama ta ja mata jan layi.

“Yarinya, ina kuskuren? Wanda zai jira sai an kira shi ai ba maƙwabci ba ne, ɗan tasi ne.”

“Inna, ba abin da kika sani ake tambaya ba. Abin da rubutun ya ce ake tambaya.”

“In rubutun ya yi ƙarya fa?”

“Sai ki bi shi ki ci jarrabawa.”

Dogo ya ce, “Ki bi shi, Inna. Ni ma na zaɓi cewa ina jin daɗin sanyi.”

Haka aka yi ta yi. Duk mako Inna tana amsawa da abin da ta sani, jan biro yana bin ta. Sai da Malama ta zaunar da ita ta ce in ta yi haka ranar jarrabawa ta faɗi, ta kuma san abin da faɗuwar take nufi. Daga ranar Inna ta sauya. Mace ce da in ta sa kanta koyon abu sai ta iya shi har ƙarshe, kamar yadda ta koyi karin wando. Ta ɗauki takardar ta tafi da ita gida, kullum da yamma ta zauna a bakin gado tana karantawa da ƙarfi, kalma bayan kalma, har ta kusa haddacewa. Ta daina bin ƙofofi. In ta haɗu da jariri a matakala sai ta maida hannuwanta baya.

Bango ɗaya ne tsakaninta da wani tsoho, direban bas da ya yi ritaya, yana zaune shi kaɗai. Mai Rediyo take ce masa. Lokacin da take yawon kwano, ya karɓi nata sau ɗaya, ya dawo da shi a wanke ya ajiye a bakin ƙofarta. Gaisuwarsa gyaɗa kai ce. Amma bangon siriri ne, Inna ta san ranarsa kamar tata: tari da sassafe, ƙarar butar shayi, rediyo, jan silifas zuwa banɗaki, sannan ya kashe rediyon in an gama labaran yamma.

A makon jarrabawa, wata yamma tana tsakiyar karatu, ta ji wani abu ya faɗi a ɗakinsa, mai nauyi. Ta dakata ta kasa kunne. Babu abin da ya biyo baya sai muryar rediyo. Ta ci gaba. Can sai ta ji ana bubbuga bango, a hankali, a bar shi, a sake.

Ta tuna abin da takardar ta ce. Ta dame shi ke nan, gobe zai kai ƙara. Ta rufe bakinta, ta koma karatu a zuci.

Sai dai bugun daga ƙasa yake fitowa, kusa da daɓe, inda mutumin da yake tsaye ba zai buga ba. Ta lura da wannan. Ta lura kuma an gama labarai rediyon bai mutu ba. Ta tashi ta fita, ta tsaya a ƙofarsa, ta ɗaga hannu. Matar da ta taɓa yi mata ihu tana hawowa da kaya, ta tsaya tana kallonta. Inna ta sauke hannun ta gyara ɗankwalinta da shi, ta koma ɗaki. Ba ta da lambar wayarsa, balle ta buga kafin ta je.

Da safe babu tari, babu buta. Rediyo yana ta yi. Ta tare mai kula da bene a ƙofar fita, ta haɗa Turancinta ta ce tsohon bai kashe rediyo ba, ta ce ya buga bango.

“Kin dame shi ne?” ya tambaya.

Ta ce ta daina.

“To shi ke nan. Yana da 'ya, tana zuwa. Ke dai ki tuna abin da manaja ya ce.”

A wurin aiki ta ƙone kwalar riga, abin da ba ta taɓa yi ba. Dogo ya ce, “Inna, jarrabawa ce ta kaɗa ki haka? Ko kin yi saurayi?” Ta gaya masa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya sosa ƙeya, ya ce ai ta faɗa wa mai bene, ta fita hakkin tsohon, ta bari a wuce jarrabawar tukuna. Da yamma bugun ya dawo, sau ɗaya ko biyu, ba ƙarfi. Ta zauna da takarda a cinya ba ta ganin ko harafi. Washegari bangon ya yi tsit.

Ta ci jarrabawar. Tambayar maƙwabcin ta fito, ta zaɓi ƙarya, aka ba ta maki. Malama ta rungume ta ta ce ta fi kowa ƙoƙari, Dogo ya ce Inna ta kai mataki na ƙarshe, ta zama 'yar gari.

Da ta koma gida ta tarar da ƙofar Mai Rediyo a buɗe, tagoginsa a wangale, wasu maza da safar hannu suna fitowa. 'Yarsa tana tsaye a baranda da hankici a hanci. A tsakanin gado da bango aka same shi, ƙugunsa a karye, cokali a hannunsa, fentin bangon ya ɓantare a inda ya yi ta bugawa. Ɗaya daga cikin mazan ya ce da alama ya daɗe da ransa a wurin.

'Yar ta juyo ta dubi maƙwabtan da suka taru, ta ce, “Babu wanda ya ji komai?”

Kowa ya dubi ƙasa. Inna ta ce, da Turancin da ta ci jarrabawa da shi, “Ni na ji.”

Matar ba ta zage ta ba. Ta dube ta kawai, ta shige ɗakin. Inna ta bi ta, ta buɗe durowar tsohon ta ciro farar riga da wando, ta kai ɗakinta ta goge su, ta kawo a ninke don a sa wa mamacin. 'Yar ta karɓa.

Tun daga ranar, kafin ta fita aiki, Inna tana bin ƙofofin hawansu ɗaya bayan ɗaya. Tana ƙwanƙwasawa, ba ta tafiya sai ta ji murya, ko da zagi ne. Wani yakan ce lafiya, wani yakan ce ta bar masa ƙofa, uwar jaririn kuwa ta kai ƙara tun a makon farko. Manaja ya kira ta ya tuna mata maganarsu, ya ce ya yi zaton ajin ya yi mata amfani. Ta ce ya yi. Ya ba ta wa'adi zuwa ƙarshen wata.

Dogo ya roƙe ta ta je ta ba manaja haƙuri, ta yi alkawarin dainawa. Ta ce masa ya matsa, yana tare mata haske. Ta riga ta ɗaure kayanta a zanen gado biyu, ba ta kuma gaya wa ɗanta ba tukuna. A ɗakin Mai Rediyo an saka wani sabon ɗan haya, mai fita aikin dare yana barci da safe. Shi ne ya fi kowa zaginta, kuma ƙofarsa take fara bugawa.