Hannun da Ammi Abduljalil Ke Ɗagawa Kafin Harbi

Kullum bayan sallar asuba Ammi Abduljalil, wato Baffa Abduljalil da Larabci, yakan bar gidansa na unguwar Sa'alaba a Jidda, ya kama hanyar nadi, wato kulob ɗin harbi, da ke bayan gari. Kafin mambobi su farka ya share layin harbi, ya kwashe kwanson harsashi, ya zauna da tsumma da ɗan mai. Wadda yake fara gogewa ita ce tsohuwar musaddas ɗin nan, bindigar hannu ƙirar magnam, mai cin harsashi shida, farar ƙarfe fes, wadda ko gishirin iskar Jidda ya kasa sa mata tsatsa. Ta nadi ce, amma kowa bindigar Ammi yake ce mata. In ta yi magana har cikin haƙoranka kake ji. Mun sha ganin ƙato da gemunsa ya harba sau ɗaya ya ajiye, wai zai je ya amsa waya. Shekara da shekaru dattijon nan yana koya wa mutane riƙe ta, ba a taɓa ɗaukar kowa daga layinsa da rauni ba.

Wannan kaɗai ya isa a yaba masa. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu da ya yi ritaya shi ne abin da ya yi wa Wafa'.

Wafa' Bahaushiyar Sudan ce. Yaƙi ya koro ta da mahaifiyarta da 'ya'yanta, suka raɓe a wani ɗaki a unguwar Kurayyat. Da ƙyar ta sami aikin karɓar baƙi a nadin, kuma nadin ne kafilinta, wato shi ya tsaya mata a wajen hukuma. Teburinta na bayan wani gilashi mai kauri da ke kallon layin harbi. Ƙarar ƙananan bindigogi takan cije ta daure. Ranar da aka harba magnam kuwa, a ƙarƙashin tebur aka same ta, ta rufe kai da hannuwa tana kiran sunayen 'ya'yanta. Abin ya faru, ya sake faruwa.

Mudir Hatim, manajan nadin, ba mugu ba ne, amma ya kira Ammi ya ce, "Wallahi tana ba ni tausayi, lakin haka ba zai yiwu ba. Ƙarshen wata, halas." In aikin ya tafi, iƙama, takardar izinin zamanta a ƙasar, ta bi shi, ga shi ba ta da gidan komawa.

Ammi bai roƙi kowa ba. Shayi ya kai mata, ya ja kujera.

"Ya binti, ƙarar ce ke firgita ki?"

Ta ce, "Ba ƙarar ba ce, Ammi. Rashin sanin lokacinta ne. A can mutum yana wanke kwano sai kawai ya ji."

"Tayyib," in ji shi. "A nan za a gaya miki."

Daga ranar, duk wanda ya ɗura wa magnam harsashi sai ya jira. Ammi zai ja gwiwarsa mai ciwo har gaban gilashi, ya ɗaga hannu, ya tsaya har Wafa' ta ɗago ta gyaɗa kai. Sannan ya koma ya ce, "Yalla, bismillah." Wani matashi ya taɓa ƙosawa ya ce, "Ya Ammi, sai mun nemi izinin sarauniya?" Ya ce, "Na'am, sai mun nema." Bai ga dalilin da zai baza sirrin 'yar mutane ba. Hatim yana gani daga ofishinsa. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, bai sallame ta ba.

Kai ne, Ammi, ka yi wannan sintiri wata da watanni, har ranakun da ko sujada sai a kujera kake yi. Kai ne ka san ƙarfin bindiga fiye da kowa a cikinmu, shi ya sa ba ka taɓa raina tsoron mai tsoronta ba. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A ranarsa ta ƙarshe ya je gaban gilashi kamar kullum, ya ɗaga hannu. Wafa' tana waya da wani baƙo, tana rubutu. Ba ta ɗago ba, sai ta kaɗa masa yatsu, alamar ku ci gaba. Magnam ta tashi, gilashin ya girgiza, bironta bai ko tsaya ba. Dattijon ya juya baya yana share ido da bakin shimagin da ya yafa a kansa, wai hayaƙin albarushi ne.

Mun gode, Ammi Abduljalil. Allah Ya ba gwiwar nan hutu, Ya saka maka da mafificin alheri. Mu kuma da ka bari a wuraren aikinmu, in muka ga wani na rawar jiki, kafin mu ce ba zai iya ba, mu ja kujera mu tambaye shi abin da yake tsoro.