Sau Huɗu a Rana

A bencin tashar mota wata dattijuwa ce zaune kusa da ni, mayafinta a goge tsaf, na'urar gwajin suga a kan cinyarta. Kan yatsunta duk ɗigo-ɗigon baƙi ne. Tana juya hannun, tana neman inda allura ba ta taɓa ba. Ta soka, ta matso jinin, ta jira, sannan ta ɗaga waya don ta ɗauki hoton lambar. Sai a karo na uku hoton ya fito.

"Ɗana nake tura wa," in ji ta. "Sau huɗu a rana. In lambar ta hau, faɗa yake yi mini."

Rana ta raba, amma burodinta yana leda, ko gutsura ba ta yi ba. Ƙwayar maganin safe kuwa, ta ce, ta sha.

Raina yana tafasa. Ina hango ɗan nata a wani ofis mai sanyi, yana duba lamba, bai taɓa cewa "Mama, kin karya?" ba.

Wayar ta yi ƙara. Hoton babban yatsa na jinjina ɗan ya turo mata, sumul, ko huda ɗaya babu.