Idwal Probert, Ɗan Gaban da Abertal Ta Rufe wa Ƙofa

Haihuwa da tasowa

An haifi Idwal Probert a watan Afrilu na shekarar 1930, a ƙauyen Abertal da ke kwarin mahaƙan kwal na kudancin Wales. Sunan mahaifinsa Trefor Probert, mahaifiyarsa kuma Eluned, 'yar gidan Bevan, wadda ta shahara wajen saƙa. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya uku, kuma shi kaɗai ne namiji. Trefor ya yi kyaftin ɗin ƙungiyar zari-ruga ta ƙauyen a zamanin ƙuruciyarsa, kuma bayan da ƙurar kwal ta ci huhunsa aka sallame shi daga rami, sai ƙungiyar ta damƙa masa kula da fili da zauren taronta. Shi ke zana layukan fili da farar ƙasa, shi ke hura wutar zaure da hunturu. A wannan zaure Idwal ya koyi tafiya, yana dafa ƙafafun kujerun dattawa.

Ya yi makarantar ƙauye ba tare da wani abin a-zo-a-gani ba, ya bar ta a 1944 yana da shekara goma sha huɗu, ya shiga rami kamar sauran sa'o'insa. A 1948 ya samu gurbi a ƙungiyar manya, cikin 'yan gaba, wato ƙartin da ke sunkuyawa su haɗa kawuna da kafaɗu da na abokan hamayya ana ture har ƙwallo ta fito. Wuyansa kauri gare shi, kuma ba ya jin bari. Ya zuwa 1952 kowa a Abertal ya sakankance cewa shi zai gaji kyaftin.

Gwajin Kelsby

A wancan zamani zari-ruga iri biyu ce. Ta Wales ta mutum goma sha biyar ce, kuma haramun ne a karɓi lada a kanta. Ta arewacin Ingila ta mutum goma sha uku ce, ana biyan 'yan wasanta. Dokar hukumar 'yan goma sha biyar ita ce, duk wanda ya taka filin 'yan goma sha uku, ko da sau ɗaya ne, ko da bai karɓi ko kwabo ba, an kore shi har abada, kuma ƙungiyar da ta bar shi ya shiga filinta ko zaurenta ita ma za ta bi shi. Manyan da suka kafa wannan doka yawancinsu ba su taɓa ganin cikin ramin kwal ba. Saboda haka samarin Wales suka ɓullo da dabara: mutum ya hau jirgin ƙasa a ɓoye, ya buga wasan gwaji da sunan bogi, idan bai dace ba ya komo gida ya kama bakinsa.

A watan Nuwamba na 1952 Idwal ya yi wa iyayensa ƙaryar zai je ɗaurin auren wani aboki, ya tafi Kelsby a gundumar Yorkshire, inda wani mai farautar 'yan wasa ya daɗe yana zuga shi. Ba shi da niyyar ƙaura. Son gwada ƙarfi ne kawai irin na ɗan shekara ashirin da biyu. An rubuta masa suna J. Brown, aka ba shi riga da wando. Da mai kula da kayan wasa, wani tsoho da ake kira Seth Illingworth, ya miƙo masa safa, sai ya ƙi karɓa, ya zaro tasa daga jaka, mai zanen kore da baƙi, launin Abertal, wadda mahaifiyarsa ta saƙa masa. Bai taɓa buga wasa ba sai da ita.

“Kai ɗan Wales, kana da hankali kuwa?” in ji Seth. “Mun ɓoye sunanka, kai kuma za ka ɗaura tutar garinku a ƙwauri?”

“Haba Baba, wa ya san Abertal a nan? Mu da kanmu sai mun yi da gaske muke ganinta a taswira.”

“To, ƙafarka ce. Ni dai na faɗa.”

Ya buga wasa mai kyau, shugabannin Kelsby suka nemi ya sa hannu nan take, ya yi musu godiya ya ce gida ya fi masa. Abin da bai sani ba shi ne, a cikin 'yan kallo akwai wani mahaƙi ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da Abertal, wanda ci-rani ya kai shi arewa, kuma ya san safar nan sarai domin ta sha tattaka 'yan garinsu. Mutumin bai yi da mugunta ba, labari ne ya ba ƙaninsa don a yi dariya. Kafin Kirsimeti maganar ta isa kunnen hukuma.

Hukunci

A watan Janairu na 1953 kwamitin ƙungiyar Abertal ya zauna, ƙarƙashin sakatarensa Emlyn Bevan, wanda yake yayan mahaifiyar Idwal ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ba a ɗauki lokaci ba aka tabbatar da korar. Washegari Idwal ya je filin kamar yadda ya saba don ya taya mahaifinsa ɗaukar bokitin farar ƙasa, sai tsohon ya tare shi a bakin shinge.

“Tsaya nan, kada ka tsallako.”

“Baba, bokiti kawai zan kai maka.”

“Na san nauyin bokitina. In aka gan ka a ciki, ƙungiyar ce za ta tafi, ba kai kaɗai ba. Safa, Idwal! A ce duk girman kan nan naka safa ce ta kayar da kai?”

Ba a ji Trefor ya sake ɗaga maganar ba har ya bar duniya. Idwal ya yi wata biyu yana kallon wasan garinsu daga kan tudun dusar kwal da ke bayan fili, tare da yaran da ba su da kuɗin shiga. Daga nan ya ga zaman ba shi da amfani, ya tattara ya koma Kelsby, wannan karon da sunansa na gaskiya. Tun daga ranar har ƙarshen rayuwarsa burinsa ɗaya ne, ya sake shiga zauren Abertal ya zauna kamar kowa.

Shekarun wasa

Ya fara buga wa Kelsby a watan Maris na 1953, da lamba takwas, a sahun farko na masu ture, kuma bai sauya ƙungiya ba tsawon shekara goma sha biyu. Ranakun mako yana rami, ranar Asabar yana fili. A lokacin babu canjin ɗan wasa, wanda ya ji ciwo sai a zuba masa ruwan sanyi da soso ya miƙe, ko kuwa a bar 'yan'uwansa da giɓi. A 1956 an karya masa muƙamuƙi tun kafin hutun rabin lokaci, ya ƙarasa wasan a haka, ya yi wata ɗaya da rabi yana shan romo da tsinken roba. Hancinsa kuwa ya karye har ya daina zuwa asibiti a kansa.

Kelsby ba babbar ƙungiya ba ce, kuma gaskiya ita ce ba ta ci kofi ko ɗaya ba a zamaninsa. Mafi nisan da ta kai shi ne wasan kusa da na ƙarshe na kofin gunduma a 1958, inda aka fitar da ita cikin taɓo da ruwan sama. 'Yan kallo sun so shi ƙwarai, domin mutanen Yorkshire ba su ganin girman mai gudu kamar yadda suke ganin na mai jure duka. Duk da haka sunansa a bakinsu “ɗan Wales” ne har ya tsufa. Idan aka tashi wasa, abin da yake fara nema shi ne jaridar yamma, ya duba can ƙasa inda ake jera sakamakon ƙananan ƙungiyoyin Wales. Da yake 'yar Kelsby ya aura, abokan wasansa sukan tsokane shi su ce, “To, yau nawa aka lallasa surukan namu?” Shi kuwa ya kan ce, “Ku dai ku ji da taku, ko kofin shayi ba ku ci ba.”

Aure da iyali

A watan Yuni na 1955 ya auri Mavis Holroyd, ma'aikaciyar masaƙar ulu ta Kelsby, mace mai baki da son tsafta. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. Ya yi ƙoƙarin koya musu harshen Wales bai yi nasara ba, amma labarin zauren Abertal kam sun sha shi har sun ƙoshi: girmansa, murhunsa, da yadda waƙar maza ke girgiza rufinsa. Mavis takan ce, “Malam, mun ji. In fadar sarauniya ce ma ai mun ji. Ci abincinka ya huce.”

Rasuwar mahaifinsa

Trefor Probert ya rasu a watan Oktoba na 1961. Idwal ya isa Abertal ya ɗauki akwatin gawar tare da sauran maza har maƙabarta. Da yake marigayin ya yi wa ƙungiyar hidima kusan duk rayuwarsa, sai kwamiti ya shirya shayin makoki a zaurenta don girmama shi. Jama'a suka yi ta shiga, da aka zo kan Idwal sai Emlyn Bevan ya miƙa hannu ya tokare ƙofa.

“Kawu, ubana fa muka binne yanzun nan.”

“Na sani, ɗana. Mijin ƙanwata ne, abokina ne tun kafin a haife ka.”

“Shayi ɗaya, Kawu. Ba zan ma zauna ba.”

“Ka ga mutumin can mai baƙar hula? Daga hukuma yake, ya zo gaisuwa. Kana so in rufe ƙungiyar ubanka a ranar da aka binne shi?”

Idwal ya ja da baya. Ya koma jikin bango ya tsaya cikin yayyafi, yayarsa Nesta ta miƙo masa shayi da burodi ta taga, ya sha a tsaye yana jin ana rera waƙar da mahaifinsa ya fi so. Abin takaici shi ne a cikin zauren akwai mazan da suka yi ture kafaɗa da kafaɗa da shi, babu wanda ya fito ya tsaya tare da shi, ko ɗaya. Da yamma ya hau jirgi. Ya sake zuwa Abertal a 1970 don jana'izar mahaifiyarsa, amma bai bi ta hanyar filin ba.

Ajiye wasa da tsufa

Gwiwarsa ta dama ce ta raba shi da wasa a 1965. Ya ci gaba da aikin rami har aka rufe mahaƙar Kelsby a 1985, bayan dogon yajin aikin da ya bar garin a durƙushe. Mavis ta rasu a 1991, ya zauna shi kaɗai da sanda biyu, yana sauraron rediyo.

A watan Agusta na 1995 'yan goma sha biyar suka halatta wa kansu karɓar lada, tsohuwar dokar ta faɗi kamar ba a taɓa cutar da kowa da ita ba. A watan Oktoba sabon sakataren Abertal, wani matashi mai suna Aled Vaughan, ya bugo wa Idwal waya ya ce ƙofa a buɗe take, ya zo ko a wannan Asabar ɗin, za su aiko da mota. Babban ɗansa Gethin, wanda yake wurin, ya ba da shaidar cewa da tsohon ya buɗe baki sai taurin kan nan ya motsa.

“Yaro, shekarunka nawa?”

“Talatin da ɗaya, Baba.”

“To, tun ba a yi auren iyayenka ba nake tsaye a waje. Ni ba kaya ba ne da za a aiko mota ta kwasa ranar Asabar. Ku ma ku ɗanɗana jira. Zan zo liyafarku ta shekara-shekara, ta ɗaya ga Maris, da rana tsaka, ta ƙofar gaba.”

Da ya ajiye wayar Gethin ya ce, “Baba, mu je kawai mana, me za a jira?” Ya ce, “Kwat zan ɗinka. Ba za su gan ni da wannan tsumman ba.” Washegari kuwa ya sa aka kai shi wurin tela aka auna shi. Ya yi hunturun nan yana gwada takawa da sanda ɗaya daga ɗaki zuwa bakin titi, domin ya rantse ba zai shiga zauren da sanda biyu ba.

Rasuwa

Allah ya karɓi ran Idwal Probert ranar goma sha ɗaya ga Fabrairu, 1996, a gidansa da ke Kelsby, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara sittin da biyar. An yi masa addu'a a majami'ar unguwarsu, aka binne shi kusa da matarsa, sanye da sabon kwat ɗin da bai taɓa fita da shi ba. Tsofaffin 'yan gaban Kelsby da suka rage ne suka ɗauki akwatin. Ƙungiyar Abertal ta aiko da furanni.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku da jikoki bakwai. Akwai Maureen, malamar jinya a birnin Leeds. Akwai Trefor ƙarami, wanda ya ci sunan kakansa, direban babbar mota. Sai babbansu Gethin, ma'aikacin gidan waya, wanda ya je liyafar ɗaya ga Maris a madadin mahaifinsa, ya shiga ta ƙofar gaba, ya zauna a kujerar da aka tanada. Da ya dawo ƙannensa suka tambaye shi yaya zauren yake, ya ce ɗan ƙaramin ɗaki ne mai rufin kwano, kusurwarsa ɗaya tana yoyo, kuma a cikin duk waɗanda suka halarta babu wanda ya taɓa ganin babansu yana wasa.