Kamfanin Sadissou Ya Shiga Tsere

Duk wanda ya taɓa leƙa garejin Usta Tassiou, wato babban makanike, a unguwar Mahdiya ta garin Sabha ranar Lahadi da rana, ya ga wani dogon mutum tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya, kamar wanda ya zo karɓar saƙo aka ce ya ɗan jira. Wannan shi ne Sadissou mai walda. Ba saƙo yake jira ba. Tseren babura yake kallo, kuma ba shi da kujera.

Mutumin Tasawa ne a Nijar. Mahaifinsa yana da wata tsohuwar Suzuki shuɗiya da yake yawon kasuwannin ƙauye da ita, kuma a kan tankinta Sadissou ya girma. A nan ya fara koyon zama, a nan salansa ta ƙone shi a ƙwauri, tabon yana nan har yau, yakan nuna wa mutum ko ba a tambaye shi ba. Da ya tasa ya koyi walda a Maraɗi, ya yi aure, ya biyo mota zuwa Sabha, can ƙasar Larabawa, inda ake ta gini a unguwar Gurda ana neman mai haɗa ƙofofi da tagogi. Daga baya matarsa Rachida ta biyo shi da 'yarsu Safoura. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ne ke sa shi ya kashe injin walda da rana tsaka a ranar aiki, don a Sabha Lahadi ranar aiki ce: babban tseren babura na duniya.

A garejin Tassiou ake kallo, domin shi ke da tele da injin wuta da fanka guda ɗaya mai juya kai. Shi kuma Tassiou mutum ne mai son doka. Dokarsa ita ce kujera ta kamfani ce, ba ta mutum ba. Kowane kamfani da ke da babur a tseren yana da kujerar roba a gaban fanka, kowace kujera da mai goyon bayanta. Tassiou na kan ta Yamaha. Djamilou mai fenti, wanda bakinsa ba ya hutawa, na kan ta Ducati. Saura kuwa su tsaya a ƙofa, inda zafin Sabha ke gasa wa mutum ƙeya. Sadissou ya daɗe a kan kujerar Suzuki, daidai inda fanka ke ɗan dakatawa kafin ta juyo.

Sai Suzuki ya fita daga tseren. A tseren ƙarshe ma babur ɗinsu ne ya zo na ɗaya. Sadissou ya miƙe tsaye yana kabbara, kafin ya waiwayo Tassiou ya ɗauke kujerar ya kife ta a kan tarin tayoyi.

"Usta, me ke nan?"

"Kamfaninka ya tafi."

"Yanzun nan fa muka ci!"

"Kun ci, kun tafi. Allah ya kiyaye hanya."

A gurbin kujerar Tassiou ya ajiye jarkar ruwan sha. Ya ce can ma masu shirya tseren ajiye gurbin suka yi wa sabon kamfani, shi kuwa bai fi su sani ba. Tun daga ranar jarka ke shan fanka, Sadissou na tsaye.

Ba a ƙi taimakonsa ba. Lokacin da mai kujerar KTM ya samu mota ya yi arewa, Tassiou da kansa ya nuna masa ita.

"Ga ta nan, Malam Sadissou. Ka ce kana sonsu, shi ke nan, ka zauna."

"Ban san su ba. Mahaifina ma bai san su ba."

"Baba Sadissou," in ji Djamilou, "kai kaɗai ne mutumin da aka ba takardar saki yake ci gaba da share ɗakin."

Sadissou ya gyara tsayuwa.

Idan tsere ya ƙare ba a watsewa, sai a dasa musun kamfanin da ya kamata ya maye gurbin jarka. Djamilou ya ce BMW, don mai gidan da yake wa fenti yana da motarsu, kuma ƙofarta ma idan an rufe sai ka ji daɗi a kunne. Idirisa mai faci, mutumin Kano, wanda shi ma ɗan tsaye ne, ya ce Kawasaki su dawo, don har yanzu yana jin haushin tafiyarsu. Wani ya ce a kawo 'yan China, tun da baburansu ne ke kai kowa aiki. Sadissou ba ya musu. Idan an zo kansa sai ya ce, "Suzuki," kamar mai amsa sunansa a asibiti.

Daga nan Tassiou zai goge hannu da tsumma ya yi musu bita.

"Ku kuna zaton layin burodi ne? Ba a shiga haka nan. Sai ka ƙera abinka da kanka, ba saye ba. Sai ka kawo mahaya biyu. Sannan ka yi alkawarin zama shekara biyar, ba ka zo ka sha iska ka gudu ba."

Shekaru suka ja, gwiwar Sadissou ta fara magana. Mutum ya wuni a durƙushe yana walda, ya zo ya tsaya awa guda a kan siminti. Likita ya ce ya rage tsayuwa. Rachida kuwa ta riga ta ƙosa da Sabha. Tun Safoura na rarrafe yake ce mata za su koma gida, ga yarinya har tana iya yin ciniki da Larabci.

"Baban Safoura, bayan Sallah dai ko?"

"In sha Allahu."

"Bara ma haka ka ce."

Ya daɗe yana shafa gwiwa kafin ya faɗi gaskiya. Ya ce rabin mazan da ke zama a tashar Tasawa sun yi Sabha, kuma kowa ana kiransa da yadda aka bar shi. Akwai Mai Rijiya, akwai Ɗan Gona. Shi ba zai koma gida a riƙa ce masa Na Bakin Ƙofa ba.

"A zaune na shiga garejin nan. Ba zan bar garin nan a tsaye ba."

Rachida ta ci gaba da tsince shinkafa.

"To su Suzukin, ka ji za su dawo?"

"Ban ji ba."

"Wai shi kamfani mene ne?"

"Masu ƙera abu."

"Kai kuma kullum idan ka fita, me kake zuwa yi?"

Ya ci gaba da shafa gwiwa. Amma washegari da aka tashi aiki ya roƙi mai ginin guntayen ƙarfen da suka rage daga ƙofofi, shi kuma ya ce masa ya kwasa.

Wata Lahadi, ana shirin kunna tele, sai ga Sadissou da benci a ka. Na ƙarfe ne, shuɗi, da majingina, da katako a shimfiɗe. Ya sauke shi a tsakiyar gareji.

"Usta, sabon kamfani ne ya zo shiga."

Tassiou ya dubi benci, ya dubi Sadissou.

"Da babur ake shiga."

"A garejin nan wa ya taɓa shigowa da babur? Kai da kake Yamaha, kujerar roba ce a ƙarƙashinka."

Tassiou ya sunkuya ya dubi ƙarƙashinsa, ya ga haka ne.

"To. A duba kaya."

Djamilou ya naɗa kansa mai bincike. Ya kife bencin, ya bi kowane haɗi da farce, ya hau ya yi tsalle, ya shinshina fenti.

"Wa ya yi maka fenti, tsoho?"

"Ni."

"Ya nuna. Wallahi babu kamfanin da zai sayar da wannan. Usta, shi ya ƙera."

"Mahaya biyu," in ji Tassiou.

Sadissou ya waiwaya bakin ƙofa. Idirisa, wanda tun da aka sauke bencin idonsa ke kai, ya matso yana gyara riga.

"Ni fa har yanzu Kawasaki nake so," ya ce. "Amma aiki aiki ne."

"Saura alkawari. Shekara biyar."

A nan Sadissou ya sosa ƙeya. Ƙarya ba ta cikin kayan aikinsa.

"Usta, ni bayan Sallah zan tafi gida."

"To ka ga. Ɗauki bencinka."

"Kamfani yana nan, ba zan kai shi Tasawa ba. Mahayi ne zai canja. Yamaha ɗinka, mahaya nawa suka canja tun da muke kallo? Ka taɓa kife kujerarka?"

Tassiou ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa, alhali babu komai a hannun. Ya dubi rufi kamar dokar a can take. Sannan ya tashi, ya ɗauke jarka da kansa ya kai ta bakin ƙofa.

"Bahi," ya ce, wato "to" da Larabcin garin. "Haka ake yi can."

Aka jawo benci gaban fanka. Idirisa ya zauna da bismillah. Sadissou ya kama majingina, ya sauka a hankali, gwiwa ta yi ƙara, ya miƙe ƙafa.

"To Baba," in ji Djamilou, "a cikin tele wanne ne naku?"

"Sabon kamfani ne. Bana gwaji muke yi."

A tele jar wutar fara tsere ta mutu, babura suka tashi da ƙara, gareji ya kaure da ihu. Fanka ta juyo, ta ɗan dakata a kan Sadissou kamar ta gane shi. Kafin a gama zagaye na farko kansa ya sauka a kafaɗar Idirisa. Djamilou ya miƙa hannu zai taɓa shi, Tassiou ya ce a bar shi, babu dokar da ta hana.

Da la'asar ya shiga gida. Rachida na wanke-wanke, ba ta ɗago ba.

"Ka zauna?"

"Na zauna."

"Wa ya ci?"

"Ban tambaya ba."

Ta zubar da ruwan, ta kife kwano, ta leƙa ɗaki.

"Safoura, jawo mini manyan jakunkunan nan daga ƙarƙashin gado."