Mamuda Mai Gyaran Inji da Ɗiyarsa ta Fari

Akwai ranar da mai sayar da abinci yake roƙon Allah ya kawo ciniki, cinikin na zuwa kuma ya koma roƙon Allah ya kawo magariba. Washegarin Sallah ke nan a wurina. Ni ce Kyauta, mai shagon abinci a Dutsin-Ma, a kan hanyar da masu zuwa kallon ruwan Zobe suke bi. Ran nan magidanta ke kwaso iyali su cika mini shago. Wannan yaro ya ɓarar da zoɓo, wancan ya tsoma hannun sabuwar riga cikin miya, uwa ta kai masa ranƙwashi, uba ya ɗauke kai kamar bai san su ba. Na ga iyalai kala-kala a kan bencina, amma wanda har yau na kasa mantawa da shi, Mamuda ne.

Mamuda mutumin Ɗantutture ne, can ƙasar Kurfi. Asalinsu Fulani ne, ko da yake yaren ya kuɓuce musu, sai gaisuwa da sunayen shanu. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ƙanen mahaifin, Baffa Sabitu, ya riƙe shi, ya ba shi sanda ya bi garke. Da shanun suka ƙare, wasu a hannun ɓarayi, wasu a kasuwa, sai ya koyi gyaran injin ban-ruwa, ya riƙa bin masu lambu a bakin dam. Dogo ne siriri, maganarsa sai ka matso kafin ka ji, gefen farcensa kullum da baƙin mai komai wanki. Da rani in ya zo aiki, a wurina yake cin na rana, shi kaɗai, ya juya fuska bango kamar abincin na sata ne.

Shi ya sa na saki baki ranar da na ga ya tsaya da babur ƙofar shagona ɗauke da gida guda. Matarsa Rahamatu tana baya da goyon jaririya Rukayya, ɗansu Kamilu yana kan tankin mai, a tsakiya kuma an matse wata yarinya 'yar siririya mai ɗorawar ido, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Ya sauko ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce, "Inna Kyauta, ba ki da wurin da mutane ba su gani?"

Ina da shi. A ƙuryar shagon na rataye labule saboda matan da ba sa son ci a idon maza. Nan na shigar da su, na kawo musu shinkafa da miya da soyayyar karfasa. Kamilu ya ɗauki cokali ya jujjuya, ya ga ba zai kai shi ko'ina ba, ya ajiye ya sa hannu. Jaririya ta fizge murfin robar ruwa ta kai baki. Ina cikin dariyar wannan sai na lura da uban. Ya jawo kifin gabansa, yana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya da yatsun nan nasa na kwance inji, yana tara tsokar a gefen farantin da ke wajen babbar yarinyar. Ita kuma tana ci tana satar kallonsa. In ta ɗago ya sunkuyar da kai, in ya ɗago ta sunkuyar. Rahamatu ta juya musu baya tana shayar da goyonta, wai ita ba ta ga komai ba.

Sai daga baya, da muka saba, Rahamatu ta warware mini. Yarinyar ita ce ta fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta gidansu Mamuda ta fi ta kowa tsanani. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Bai taɓa kiran sunanta ba, ko ranar suna Baffa ne ya raɗa wa liman. A gida in ta kawo masa ruwa sai ya kalli wani wuri, in zai aike ta sai ya ce "ke", in zai yi zancenta ya ce "yarinyar nan". Ita ma uwar haka. Ƙannenta kuwa Yaya suke ce mata, don haka ni ma Yaya na sani. Ga shi Allah ya jarrabe ta da sikila. In ciwon ya tashi tana kuka cikin ɗaki, shi yana tsakar gida yana kwance injin da lafiyarsa lau, yana sake ɗaurawa.

"To shi ne ya ƙirƙiro wanga yawon," in ji Rahamatu. "Ya ce wa mutanen gida kallon ruwa za mu kai yara. Wane ruwa, Inna? Ko saukowa ba mu cika yi ba. Nan ne kaɗai shike iya zama kusa da ita."

Ni dai ban ga amfanin al'adar da za ta sa mutum ya yi tafiya mai nisa kan babur kafin ya iya ba ɗiyarsa loma ba, kuma na faɗa masa haka a fuskarsa. Ya yi murmushi ya ce, "Haka muka taras." Daga nan kowace Sallah sai sun zo, wani lokaci ma har da bayan an kwashe albasa. Na san su har ba sai sun faɗi abin da za su ci ba. Nakan ware babbar karfasa tun da safe, in hana kowa. A bayan labulen nan na ga Yaya ta yi dariya har da ƙyaƙyatawa, ranar da Kamilu ya sha lemo mai gas ya fito masa ta hanci. A nan na ga ta goge wa ubanta miya a gemu da bakin gyalenta, ya tsaya cak bai hana ta ba.

Wata ƙaramar Sallah, mutane suka yi mini yawa. Wasu mata 'yan biki suka riga su shiga bayan labule, babu masaka tsinke. Mamuda ya yi tsaye yana waige-waige, yara kuma sun fara kukan yunwa. Na ce, "Haba Mamuda, wa ya san ka a nan? Ku zauna teburin ƙofa." Suka zauna. Da farko a ɗarare yake, amma da kifi ya zo hannunsa ya kama aikin da ya saba. Yaya ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba, hannunta ko cokali ba ya riƙewa sosai, sai ya ɗauko tsoka ya miƙa mata a baki.

Daidai lokacin Baffa Sabitu ya yi sallama, shi da wasu dattawa biyu 'yan garinsu, sun dawo daga gaishe-gaishen Sallah. Baffa ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Tsoho ne mai fara'a, kuma cikin dariya ya yi maganar.

"A'a, Mamuda! Kai ne nan? Wagga ɗiyar wa ce kake ba abinci a baki?"

Dattawan suka kwashe da dariya. Hannun Mamuda yana sama, tsokar kifi tsakanin yatsunsa, yarinya ta riga ta buɗe baki. Sai hannun ya karkata ya wuce ta, ya tura wa Kamilu.

"Ɗiyarka ce, Baffa," ya ce a hankali. "Biyo mu ta yi."

Ya tashi ya wanke hannu, ya koma teburin dattawa ya durƙusa yana gaishe su, bai sake waiwayowa ba har suka gama. Ita kuwa ta ɗan jima bakinta a buɗe kafin ta rufe. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta janye hannunta daga farantin ta ɗora a cinya. Na zo na ce in ƙunshe mata sauran kifin ta tafi da shi gida, ta girgiza kai ta ce, "Bar shi, Inna, na ƙoshi."

Bayan 'yan kwanaki ya zo shi kaɗai da kayan aikinsa. Na ajiye masa abinci da ƙarfi har miya ta fantsala, don haushinsa nake ji. Bai ci ba. Ya ce tun ran nan in ta kawo masa ruwa ba ta tsayawa, ajiyewa take ta juya. A gida kuma babu inda zai ja ta gefe ya lallashe ta, ido ya yi yawa. "Babbar Sallah ta kusa," ya ce. "Don Allah ki tsare mana bayan labule, ko wa ya zo. Zan gyara." Na ce masa abin da za a gyara da baki ba ya bukatar jiran Sallah. Ya ce in dai tsare masa wurin.

Na tsare. Washegarin babbar Sallah na kori mutum ya fi a ƙirga daga ƙuryar nan, na ware karfasar da ta fi kowace girma. Wajen azahar na ji ƙarar babur ɗinsa, na fito da murnata. Kamilu na kan tanki, Rahamatu na baya da Rukayya. Tsakaninsu akwai fili.

"Ina Yaya?" na tambaya.

Rahamatu ta ja gyale ta rufe fuska. Kamilu ne ya ce, "Yaya ta rasu."

A madafa Rahamatu ta ba ni labari, muna kuka mu biyu. Da ruwan farko ya sauka sanyi ya tayar da ciwon, aka kai ta asibiti. Ɗakin ya cika da gwaggonni da kakanni, don haka Mamuda bai shiga ba. A bakin taga ya tsaya ta waje, kwana da kwanaki, yana aika magani da kunu ta hannun mutane. Ran da ta cika yana nan bakin tagar. Wurin zaman makoki kuma Baffa aka yi ta yi wa gaisuwa, shi yana gefe yana zuba wa baƙi ruwa, idonsa a bushe, har ana yaba masa. Yau da safe sai ya ce su shirya, ya yi alkawari da mai abinci.

Da na koma bayan labule na tarar ya jawo kifin gabansa. Yara suna cin shinkafarsu, shi yana zare ƙaya. Ya tara tsokar tsibi guda a gefen farantin, wajen da babu kowa, yana ta ƙarawa. Kamilu ya miƙa hannu zai ɗauka, ya dubi fuskar ubansa, ya fasa.

Na zauna a bakin bencin. Na yi masa gaisuwa, ya amsa kamar yadda ake amsawa. Sai na tuna shekarun nan duka ina ciyar da yarinya ban san abin da zan kira ta da shi a gaban Ubangiji ba.

"Mamuda," na ce, "ina son in sa ta a addu'a. Mi ne ne sunanta?"

Ya dubi Rahamatu, ta kawar da kai. Ya dubi labulen, a rufe yake ruf. Leɓɓansa suka motsa babu sauti, kamar mai koyon magana. Sannan ya faɗa, a hankali, bai gutsure ko harafi ɗaya ba.

"Halimatussa'adiyya."

Ya sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, yana kallon gefen farantin, irin kiran da ake yi wa yaro ya zo ya ci abinci. Har masu ci a teburin ƙofa suka waiwayo. Daga nan ya kifa goshi a kan tebur, yana kuka. Na kwashe yaran na fitar da su, na ja musu labulen, shi da matarsa.